Tarihin Alamomin Jini a Ciwon Dajin Fankiriyas

Ciwon dajin fankiriyas, watau gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, cuta ce mai ɓuya, galibi ba a gano ta sai ta yi nisa. Saboda haka likitoci suka daɗe suna neman wata alama cikin jini wadda za ta bayyana halin da majinyaci ke ciki.

A shekarar 1965 Gold da Freedman suka gano furotin ɗin CEA a Kanada, amma ya fi amfani ga dajin hanji. Sai a 1979 Hilary Koprowski da abokan aikinsa na Cibiyar Wistar ta Amurka suka gano CA 19-9, wani nau'in sukari manne da furotin, wanda ƙwayoyin dajin ke zubarwa cikin jini. Daga baya aka lura cewa wanda alamar ta yi wa yawa kafin tiyata, galibi bai cika daɗewa ba. Wanda kuwa tasa ta sauko ƙasa da awo 37 bayan tiyata, ya fi samun tsawon kwana.

Sai dai fa ma'aunin yana da iyaka. Toshewar hanyar matsarmama kan ɗaga shi ko babu daji. Wasu mutane kuma, bisa gadon jini, jikinsu ba ya yin alamar sam, kuma irinsu sun fi yawa cikin baƙar fata. Lalle likitan da ya dogara da wannan awo kaɗai yana iya sallamar mai cuta da albishirin ƙarya.