Linzamin Fanka: Tarihin Jayayya Tsakanin Zafi da Ƙara a Cikin Kwamfuta

A watan Satumba na 2001 shafin Tom's Hardware ya fitar da wani gajeren bidiyo da ya zagaye duniyar masu harhaɗa kwamfuta. An kunna kwamfutoci suna tsakiyar aiki, sai aka sa hannu aka cire ƙarfen da ke zuƙe zafi daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Pentium 4 na kamfanin Intel ya rage gudu da kansa, ya tsira. Pentium III ya sandare, amma bai mutu ba. Athlon na kamfanin AMD kuwa cikin 'yan daƙiƙu ya fara hayaƙi, zafinsa ya haura digiri 300, ya ƙone ƙurmus. Abin da bidiyon ya nuna a fili shi ne, ran na'urar da aka saya da tsada yana rataye ne a wuyan wani guntun ƙarfe da ƙaramar fanka mai arha. Wannan fanka kuma, a lokacin, ita ce abin da masu kwamfuta suka fi tsana, saboda ihunta.

Asalin matsalar ba ta da wuyar fahimta. Kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta, zafi take komawa. ENIAC, wadda aka bayyana wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a 1946, tana da kwalaben lantarki fiye da 17,000 kuma tana cin kilowat 150, don haka sai da aka yi mata manyan injinan hura iska. Cray-2 ta 1985 ma cikin wani ruwan sinadari mai suna Fluorinert aka tsoma sassanta gaba ɗaya. Amma waɗannan na gwamnatoci ne da manyan cibiyoyin bincike, suna da ɗakunansu da injiniyoyinsu. Kwamfutar tebur ta faro ne cikin kwanciyar hankali. IBM PC ta 1981 tana da furosesa Intel 8088 wanda yake zaune tsirara, ba ƙarfen zuƙe zafi, ba fanka a kansa. Fanka ɗaya ce tak a cikin akwatin rarraba wuta, gudunta ɗaya daga kunnawa har kashewa, kuma ba wanda ya ga dalilin taɓa ta.

Wanda ya fara kai ƙarar fanka gaban alƙali, in ana iya cewa haka, shi ne Steve Jobs. Ya ƙi yarda a sa wa Apple III fanka, aka fito da ita a 1980 da gangar jikin alminiyam da ake fatan zai kwashe zafin. Na'urar ta yi ta ba da matsala, sassanta suna zamewa daga mazauninsu, har shawarar da ta shahara ita ce mai ita ya ɗan ɗaga ta daga tebur ya sake ta, ko sa koma wurinsu. Kamfanin ya maye gurbin dubban na'urori. Jobs bai daddara ba: Macintosh ta 1984 ma ba fanka, haka Power Mac G4 Cube ta 2000. Ko da yake ya sha kaye a kan Apple III, ya gane abin da sauran masana'antar suka ɗauki shekara ashirin kafin su amince da shi, cewa ƙara ma lahani ce a na'urar da mutum zai yini kusa da ita.

Tsere kan gudu ne ya dagula al'amura. Intel 486 ya fara buƙatar ƙarfen zuƙe zafi, Pentium na 1993 ya zo da fanka a kansa, sannan a Maris na 2000 AMD ta riga Intel kai wa gigahaz 1. Zuwa 2001, Athlon mai gigahaz 1.4 yana fitar da zafi kusan wat 72 daga fili mai kamar faɗin farce. Maganin da aka samo na ƙarfin tuwo ne: ƙananan fankoki masu faɗin milimita 60 da ke juyawa sau 7,000 a minti, irin na kamfanin Delta, waɗanda ake jin kukansu daga ɗaki na gaba. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Masu Power Mac G4 ta 2002 sun yi mata laƙabi da ramin iska, katin hoto GeForce FX 5800 Ultra na Nvidia kuma, da ya fito a 2003, aka riƙa kwatanta shi da injin zuƙe shara.

A nan ne wata ƙa'ida ta injiniyoyin iska ta zama abin hira a tsakanin 'yan koyo. Idan aka rage gudun fanka da rabi, iskar da take turawa ta ragu da rabi, amma ƙararta takan faɗi da kusan desibel 15, alhali faɗuwar desibel 10 kawai kunne yake ji kamar an raba ƙara biyu. Ciniki ne mai riba ƙwarai, musamman da yake kwamfuta takan shafe mafi yawan lokacinta tana aikin da bai taka kara ya karya ba, rubutu ko karanta wasiƙa, amma fankokinta suna gudu kamar ana yaƙi. Abin da ya rage shi ne hanyar rage gudun.

Hanyar farko dabara ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Filogin da ke kai wa faifan ajiya wuta yana da waya rawaya mai bolt 12 da ja mai bolt 5. Idan aka haɗa fanka tsakanin rawaya da ja, bambancin da za ta samu bolt 7 ne, sai ta lafa. Daga nan masu gyare-gyare suka fara huda murfin gurbin da ake sa na'urar faifan CD a gaban akwati, suna jera makunnai: sama gudu sosai, ƙasa gudu kaɗan, tsakiya a kashe. Sai aka maye makunnan da maɓallan murɗawa, kowace fanka da nata. Kamfanoni suka hango kasuwa. Zalman na Koriya ta Kudu ya riƙa haɗa ƙaramin linzami mai suna Fan Mate da kayan sanyayawarsa, Sunbeam ya yi suna da Rheobus mai maɓallai huɗu, daga baya aka samu masu allo da ke nuna zafi da yawan juyi. A 2002 Mike Chin ya buɗe shafin Silent PC Review daga Vancouver ta ƙasar Kanada, inda ake auna ƙarar kowace fanka da natsuwar da ake auna zinariya.

Duk wanda ya san tsohon makunnin fankar silin mai lamba ɗaya zuwa biyar, wanda yake ɗumi idan an taɓa shi, ya san yadda waɗannan linzamai suke aiki: suna tare wani kaso na wutar ne su mayar da shi zafi. Wato na'urar da aka sayo don sanyaya akwati tana ƙara masa ɗan zafi da kanta. Wannan ƙaramin aibi ne. Babban shi ne, fanka tana da iyakar da in wuta ta gaza ta, sai ta tsaya cik, kuma wutar da take buƙata don tashi daga tsaye ta fi wadda take buƙata don ci gaba da juyi. Mutum zai iya murɗa maɓalli ƙasa da dare, fanka ta ci gaba da juyawa, da safe ya kunna ta kasa tashi, shi kuma bai sani ba tunda shiru yake nema. Sannan ga mantuwa. Linzamin hannu ya ɗora wa ɗan Adam aikin gadi, ɗan Adam kuwa yakan shagala daidai lokacin da na'urar ta fi ɗaukar zafi, wato lokacin da ya dulmuya cikin aiki mai nauyi.

Don haka zamanin maɓalli bai yi tsawo ba, kuma madabod ce ta karɓe ragamar, wato babban allon da kowane sashe yake liƙe a kansa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ana sa mata ƙananan sassan sa ido irin su LM78 na National Semiconductor, fankoki kuma suka sami waya ta uku mai ba da rahoton yawan juyi. Manhajar SpeedFan ta Alfredo Milani Comparetti ta ba masu Windows damar karanta waɗannan alƙaluma su kuma juya fankoki da su. ASUS ta fito da Q-Fan, mai rage gudu da kansa gwargwadon zafi. Apple, bayan kunyar G4, ta raba cikin Power Mac G5 ta 2003 gida huɗu na zafi, ta zuba fankoki tara da ke juyawa a hankali ƙarƙashin ikon na'urar.

Canjin da ya fi tasiri ya zo a 2004, shekarar da Intel ta ci karo da bango. Pentium 4 samfurin Prescott ya kai wat 115, kamfanin ya soke magajinsa Tejas a watan Mayu, ya kuma janye alƙawarin gigahaz 4 a Oktoba. Tare da sabon mazaunin furosesa LGA 775 aka shigo da fanka mai waya huɗu. A wannan tsari wutar bolt 12 ba ta raguwa. Waya ta huɗu ce take aika sigina mai kunnuwa da mutuwa kusan sau 25,000 a daƙiƙa, saurin da ya wuce jin kunnen mutum, kuma kason lokacin da siginar take kunne shi ke gaya wa fankar irin gudun da za ta yi. Ana kiran dabarar PWM. Ba wutar da ake ƙonawa a banza, fanka tana iya sauka ƙasa sosai ba tare da ta tsaya ba. Da Core 2 Duo ya fito a 2006 da wat 65, manyan fankoki masu milimita 120 suka zama gama-gari, kamfanoni irin su Noctua na Ostiriya suka gina sunansu kan shiru. Daga baya faifan CD ya ɓace, gurbinsa ya bi shi, maɓallan suka rasa ma inda za a kafa su.

Da a ce labarin na ci gaba ne miƙaƙƙe, da nan linzami mai zaman kansa ya mutu. Bai mutu ba, aiki ya canza, kuma dalilin yana cikin raunin madabod. Ramukan fankarta ƙidayayyu ne, kowanne yawanci amfiya 1 yake ɗauka. Mafi muhimmanci, abin da ta fi saurara shi ne zafin furosesa, wanda a na'urorin zamani yakan yi tsalle da digiri ashirin cikin daƙiƙa ɗaya don kawai an buɗe manhaja, ya sauko nan take. Fankar da ke bin wannan alƙalami sai ta yi ta haki, tashi da sauka, kunne kuwa ya fi jure ƙara mai ɗorewa a kan mai canzawa. Ga shi kuma tanderun gaskiya ya ƙaura: Core i9-13900K na 2022 yana kai wa wat 253, amma katin hoto RTX 4090 na shekarar wat 450 ne, kuma madabod da yawa ba sa ganin zafinsa kai tsaye.

Linzaman zamani, irin su Aquaero na kamfanin Aqua Computer na Jamus da Commander Pro na Corsair, ƙananan kwamfutoci ne a karan kansu. Suna da ma'aunan zafi da ake liƙawa inda ake so, a iskar da ke shiga, ko cikin ruwan sanyaya ga masu amfani da ruwa, wanda zafinsa yake hawa a hankali kuma ya fi faɗin gaskiyar nauyin da ke kan na'ura. Mai shi yakan zana layin da ke cewa a zafi kaza a yi gudu kaza, ya sa jinkiri don kada fanka ta amsa kowane tsalle. Mafi kyawunsu suna adana umarnin a cikin kansu, ko manhaja ta faɗi suna nan suna aiki. Darajar wannan ta fito a Maris na 2025, lokacin da Microsoft Defender ya fara kama WinRing0, wani tsohon direba mai rauni ta fuskar tsaro da manhajojin juya fanka da yawa suka dogara da shi. Masu amfani da su suka wayi gari tsarin da suka ɓata lokaci suna gyarawa ya daina aiki.

Ba duk abin da ake sayarwa da wannan suna ne ya cancanci kuɗinsa ba. Da yawa akwatin rarraba sigina ne kawai, suna kwafar umarni ɗaya zuwa fankoki takwas, wasu kuma hanyar ɗaure mai saye ce: filogi na musamman da ba ya karɓar fankar wani kamfani, da manhaja mai nauyi wadda rabin aikinta fitilu masu launi ne. Ga kwamfutar ofis mai fanka biyu ko uku, abin da ke cikin madabod ya wadatar, in an zauna an saita shi.

Akwai kuma iyakar da ba linzamin da ya taɓa tsallake ta. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka ba za ta sauko da komai ƙasa da zafin ɗakin ba. Gwaje-gwajen da ake wallafawa galibi a ɗakuna masu digiri ashirin da 'yan kai ake yin su. Kwamfutar da ke ofis a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, na'urar sanyaya ɗaki a kashe saboda janareta ba zai ɗauka ba, tana iya fara aiki da iskar da ta fi ta can zafi da digiri goma sha biyar ko fiye, kuma kowane sashe na cikinta zai hau da kusan wannan adadi. Layin da aka zana don shiru a Turai zai bar ta tana rage gudu da kanta tun kafin azahar. Da hunturu kuma zafi ya sauka, ƙura ta karɓi aiki: ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen zuƙe zafi, ta lulluɓe fukafukan fanka. A irin wannan wuri amfanin linzami shi ne a ɗaure fankokin akwati da ma'aunin iskar da ke shigowa, a kuma sa masu shigo da iska ta matata su ɗan fi masu fitarwa gudu, yadda iska za ta riƙa fita ta kowace kafa maimakon ƙura ta shigo ta nan. Matatar kuwa har yanzu da hannu ake cire ta a kakkaɓe.