Gahawa, Daga Awakin Habasha Zuwa Turmin Gida

Kai da ka saba tsayawa wurin mai shayi a bakin iyaka ka ce a zuba maka Nescafé, ka san wannan garin na gwangwani bai daɗe ba? A 1938 aka fara sayar da shi, a Suwizalan. Gahawa kuwa ta girme shi da shekaru ɗaruruwa.

Asalinta dazukan kudu maso yammacin Habasha ne, wajen Kaffa. Ana cewa wani makiyayi ne ya ga awakinsa sun ci jajayen 'ya'yan wani itace, suka kwana suna tsalle. Ka ɗauke shi a matsayin hira, don sai a 1671 aka rubuta labarin, a birnin Roma ma. Abin da matafiya suka gani da ido shi ne, Oromo kan daka 'ya'yan su cuɗa da kitse, su dunƙula su yi guzuri, kamar yadda kake ƙulla fura idan za ka bi shanu.

Shanta a kofi, Sufayen Yaman aka fara sani da shi, a ƙarni na 15, don kada barci ya sace su wajen zikirin dare. Daga nan ta isa Makka da Alƙahira. A 1511 gwamnan Makka ya hana ta, hanin bai yi ƙarko ba.

To, ɗan kasuwa, nan ne naka. Kusan duk gahawar da duniya ke sha a lokacin ta Yaman ce, ta tashar jirgin ruwa ta Moka take fita, kuma ba sa son iri mai rai ya ƙetare. An ce wajajen 1670 wani alhaji ɗan Indiya, Baba Budan, ya ɓoye ƙwaya bakwai a jikinsa ya kai gida. Mutanen Holan suka dasa a tsibirin Jaba, Faransawa suka kai Matinik, a 1727 ta shiga Birazil, wadda yau ta fi kowace ƙasa nomanta. Yaman dai ba ta sake riƙe kasuwar ba.

Da gahawa ta koma kayan masana'anta, sai a gauraya ta ƙasa kaza da ta ƙasa kaza a niƙa, mai sha bai san gonar ba. A 1974 wata 'yar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ta fito da sunan gahawa ta musamman. Yau sai wadda masu ɗanɗano suka ba maki 80 cikin 100 ake kira haka, kuma mai saye yakan niƙa a gida daidai wadda zai sha, domin ƙamshin yana gudu da zarar an fasa ƙwayar.

Ni abin dariya yake ba ni. Je ka Gadarif ko Kasala a Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe, ka ga yadda ake jabana. A soya ɗanyar ƙwaya a kan garwashi, a daka a ƙaramin turmi da citta, a dafa a tulun yumɓu, duk a gabanka. Ba wanda ya ce musu ta musamman ce.

Idan hanya ta kai ka tsaunin Mambila ko Fumban a Kamaru, ana nomanta a can. Nemi ƙwayar, ba gari ba, don gari ana iya haɗa shi da soyayyen hatsi. Ka soya har ta yi ruwan ƙasa, kada ta yi baƙi ƙirin, ka bari ta huce kafin ka daka.