Goyon bayan ma'aikata a ƙananan sana'o'i

Goyon bayan ma'aikata shi ne taimako da kulawar da ma'aikaci ke samu daga mai sana'a, ko shugabansa, ko abokan aikinsa. Ya ƙunshi biyan haƙƙi a kan lokaci, da koyar da aiki, da samar da kayan aiki, da sauraron koke, da ɗaga wa mutum ƙafa idan rashin lafiya ko wata lalura ta same shi. Masana halayyar ɗan Adam suna nazarin wannan batu saboda alaƙarsa da himmar ma'aikaci da kuma ingancin aikinsa.

Tarihin nazari

Tsakanin shekarar 1924 zuwa 1932 an gudanar da bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric da ke kusa da birnin Chicago a Amurka. Elton Mayo da abokan aikinsa sun fassara sakamakon da cewa kulawar da ake nuna wa ma'aikata da zamansu da juna suna shafar yawan aikin da suke yi, ko da yake daga baya wasu masana sun soki hanyoyin binciken.

A shekarar 1959 Frederick Herzberg ya raba abubuwan da ke shafar ma'aikaci gida biyu. Albashi da yanayin wurin aiki suna hana ƙorafi idan sun yi kyau, amma yabo da ɗora wa mutum alhaki da damar ci gaba su ne ke ƙara masa himma.

A shekarar 1986 Robert Eisenberger da abokansa suka fito da ra'ayin cewa kowane ma'aikaci yana auna yadda wurin aikinsa ke daraja gudummawarsa da kula da lafiyarsa. Wanda ya ga ana kyautata masa yakan ji nauyin ramawa da aiki tuƙuru. Wani bita da Linda Rhoades da Eisenberger suka wallafa a 2002 ya nuna cewa adalci, da goyon bayan shugaba, da lada mai kyau ne ke gina wannan fahimta, kuma tana da alaƙa da gamsuwa da aiki da raguwar niyyar barinsa.

A ƙananan sana'o'i

A babban kamfani akwai sashen kula da ma'aikata da rubutattun ƙa'idoji. A ƙaramar sana'a kuwa, mai ita ne ke ɗaukar aiki, shi ke biya, shi ke sallama, don haka halinsa ne ke zama tsarin wurin. Shagon da ke da ma'aikata huɗu, idan ɗaya ya tafi, an rasa kashi ɗaya cikin huɗu na masu aikin, kuma wani lokaci yakan tafi da masu cinikin da suka saba da shi.

A Najeriya, Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019 ba ta hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Wannan ya sa walwalar ma'aikatan irin waɗannan wurare ta dogara sosai ga mai sana'ar.

A ƙasar Hausa

Tsarin ubangida da yaronsa tsohon misali ne, kuma har yau yana nan a kasuwanni irin su Kantin Kwari a Kano, da wajen teloli da kanikawa da kafintoci. Ubangida yakan ba da kuɗin abinci, ya koyar da sana'a, ya tsaya wa yaro lokacin aure ko rashin lafiya, daga bisani ya yaye shi da jari ko kayan aiki. Shi kuma yaro yana saka wa ubangidansa da riƙon amana.

Matsaloli

Galibi babu rubutacciyar yarjejeniya, don haka saɓani kan taso a kan lokacin yaye ko yawan jari. Fifita ɗan'uwa a kan bare yana kashe gwiwar sauran ma'aikata. Haka nan kyautatawa ba ta maye gurbin haƙƙi: ma'aikacin da ake jinkirta masa albashi ba ya ɗaukar fara'ar ubangida a matsayin goyon baya.