Lambar sirrin salula a gaban masu bincike: abin da doka ta tanada

Salulolin zamani da manhajoji irin su WhatsApp suna kulle bayanai ta yadda ba mai iya karanta su sai wanda ya san lambar sirri. Shi ya sa idan ƴan sanda ko jandarmomi suka kama mutum a Agadez, karɓe wayarsa kaɗai ba ya isar su, sai an buɗe ta. Ko doka na iya tilasta masa ya buɗe?

Ƙasashe sun sha bamban a kan wannan batu. A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin shari'arta, sashe na 434-15-2 na kundin hukunta laifuka ya mayar da ƙin miƙa makullin laifi mai zaman kansa: ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 270,000, kimanin miliyan 177 na sefa. A ranar 7 ga Nuwamba 2022, kotun ƙolin ƙasar ta ce lambar buɗe salula na iya shiga cikin wannan hukunci. A Ingila, dokar 2000 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 2, ko 5 idan batun tsaron ƙasa ne. A Amurka kuwa kan kotuna ya rabu, domin tsarin mulki ya hana tilasta wa mutum ba da shaidar da za ta kama shi.

A Nijar, dokar da ta fi shafar abin da ke cikin waya ita ce ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet. A Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya yi mata gyara, ya dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Yaɗa saƙon da zai iya ta da hankalin jama'a kan jawo shekara 2 zuwa 5. Ke nan saƙon murya ɗaya da aka tura a rukunin WhatsApp na iya zama hujja a kotu.

Wanda aka nemi lambarsa yana da damar neman lauya tun daga lokacin da aka kama shi, kamar yadda ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta tanada. Lauyan ne zai duba ko umarnin ya fito daga mai shigar da ƙara ko alƙali mai bincike, da kuma ko an rubuta karɓe wayar a takardar bincike.