Keke da Ribaɗi: Tarihin Hanya Tsakanin Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya san kudancin Sakkwato ta tagar mota kawai, to bai san ta ba. Mota takan tashi daga birni ta hau titin Jega, ta wuce Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, kafin mutum ya gama gyangyaɗinsa sai ya ji an ce ga Tambuwal, tafiyar kusan kilomita 100 ta ƙare. A irin wannan gudu garuruwan nan sunaye ne kurum a jikin allo. Alhali kuwa waɗanda suka kafa su da ma'aunin ƙafa da kofaton doki suka auna ƙasar, kuma a cikin abubuwan hawan zamani babu wanda ya yi kusa da wannan ma'auni kamar keke. Shi ya sa nake ganin tarihin wannan yanki, ko in ce tarihin amincin hanyoyinsa, a kan sirdin keke ya fi karantuwa.

Bari mu fara daga tushe. Wannan kusurwa tana cikin labarin jihadi tun kafin a ɗaga tuta. Gimbana, garin Malam Abdussalami da rundunar Gobir ta auka wa a ƙarshen 1803, ba ta da nisa da Jega ta yau, kuma abin da ya biyo bayan wannan hari shi ya kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Daga baya jama'a ta zauna Gwandu a 1805, Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, sannan Sakkwato a 1815. To a tsakanin waɗannan cibiyoyi ne ɗansa Muhammadu Buhari, malami kuma mayaƙi, ya zauna Tambuwal ya mayar da ita ribaɗi.

Mai karatu, kada kalmar ribaɗi ta sa ka ɗauka barikin soja ake nufi. Gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zuba masa malamai da manoma da makiyaya da masu sana'a, su yi noma su yi karatu, in an kawo hari su tare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya fi kowa ƙarfafa wannan tsari, har shi kansa ya tare a ribaɗin Wurno. Kuma ba don ado aka yi ba. Kabawa ba su taɓa sallamawa gaba ɗaya ba, musamman tun daga 1849 da Yakubu Nabame ya ɗaga kai daga Argungu, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa. Manufar dai a taƙaice ita ce a cinye daji da gona, a rage wa maƙiyi maɓoya, domin fatake da almajirai su tashi daga wannan gari su kwana a na gaba lafiya.

Wannan abu na karanta shi a littafi, amma sai da na hau keke na gan shi da idona. A farkon shekarun 2000, da rani bayan an gama girbi, na taka wata tsohuwar Fonis daga Tambuwal na nufi kudu zuwa Kebbe, ina ratsewa duk inda raina ya so. (Kebbe fa nake nufi, ƙaramar hukumar da ke jihar Sakkwato, ba jihar Kebbi da aka cire a 1991 ba. Baƙi sun cika haɗa su.) Abin da mai keke ke lura da shi, wanda mai mota ba zai gani ba, shi ne yadda itatuwa ke ba da labari. Muddin kana ganin gawo da ɗorawa da kaɗanya tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, to kana cikin ƙasar da aka daɗe da mallaka, domin waɗannan manomi ne ya zaɓe su ya bar su tun kaka da kakanni. Da zarar sun ragu, sabara da kalgo da geza sun rufe gefen hanya, marke ya fara yawa, ka san ka fita daga inuwar gari. In kuma ka hangi kukoki sun yi cincirindo a fili babu gida ko ɗaya, sauka ka duba ƙasa, sau da yawa za ka tarar da sakainar tukwane. Kufai ne. Wasu sun zauna nan, wani abu ya tashe su.

Na ratse zuwa tafkin Romo na kwana biyu a wajen. Da sassafe hazo na kwance a kan ruwa, masunta na kan gora suna jefa homa, kirinjijiya na tashi garke-garke, balbelu kuwa sun bi shanun da aka kawo shayarwa. An gasa mini tarwaɗa a bakin ruwa, na ci ba tare da na tambayi kuɗinta ba, ba a kuma tambaye ni ba. A nan na fahimci dalilin da ya sa garuruwa suka jeru a gefen tafkuna da fadamun Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Kebbe ya gangara wajen Jega: ga kifi, ga shinkafa, ga albasa da rani, ga mashayar dabbobi. Wanda ya riƙe ruwa a wannan ƙasa shi ya riƙe hanya. Wahalar tafiyar kuwa ba a cewa komai, rairayi ya sa na tura keken fiye da yadda na hau shi a wasu wurare, ƙaya kuma ta sa na san masu faci na ƙauyuka uku.

Shi keken ta yaya ya shigo labarin? A Ingila aka ƙera irin wanda muka sani, mai taya biyu daidai da sarƙa, a 1885, Dunlop kuma ya fito da tayar iska a 1888. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, bayan rundunarsu ta biyo ta Shagari. Doki ya ci gaba da zama abin hawan sarauta, amma aikin yau da kullum na mulkin En'e a hankali ya koma kan basukur, kamar yadda dattawa ke kiransa. Malamin haraji, malamin gona, malamin tsabta, mai kai wasiƙa tsakanin uwar ƙasa da dagatai, da malamin daji mai tsaron gandun da dokar gandun daji ta 1916 ta ba da damar keɓewa, duk Rali da Hamba ne suka kai su inda mota ba ta zuwa. Har lasin ake yanka wa keke, kuma 'yan doka na kama wanda ya hau da dare ba fitila. Ban ce mulkin nan adalci ne zalla ba, wanda ya biya jangali ya san ba haka ba ne. Abin da nake cewa shi ne, mutum ɗaya ba makami, da jakar kuɗin haraji a kariya, yana iya ratsa dajin da a da sai an yi ayari. Burin masu ribaɗi ke nan, ko da yake a hannun wasu ya cika.

Babur ne ya sauke keke daga wannan matsayi, tun daga kuɗin Udoji na 1975 da ma'aikata suka samu, har zuwa lokacin da baburan Sin masu araha suka cika ƙauyuka, kabu-kabu ya zama sana'ar samari. Wannan babur ɗin dai shi ne ya zama dokin 'yan bindiga. Masifar da ta taso daga Zamfara ta tsallako iyaka, har a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, kuma ƙauyukan Kebbe da wasu na Tambuwal sun sha hare-hare da satar mutane da korar shanu. Wasu sun watse, wato ana sabbin kufai a gefen tsofaffin da na gani.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna sun sake fitowa daga zaure. An kakkaɓe musu ƙura, masu faci sun samu ciniki, ɗalibai da ƙananan ma'aikata suna takawa a kan kwalta cikin gari. Amma hanyar da na bi zuwa Kebbe ni kaɗai, ina sauka duk gindin kukar da ta yi mini, yau ko ƙanena ya ce zai bi ta sai na ɓoye masa famfo.