Mai Jinkirin Fahimta Shi Ma Yana Shiga Damuwa

Jinkirin fahimta ba hauka ba ne. Yakan samo asali daga doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko ƙarancin sinadarin aidin lokacin goyon ciki. Mai wannan larura yana shiga damuwa kamar kowa, amma faɗinta da baki kan yi masa wuya.

Ku lura da sauyin halinsa. Ya daina cin abinci? Barci ya ƙaurace masa? Ya soma dukan kansa? Kada ku ɗaure shi. Ku kai shi likitar Sae Sabuwa tare da wanda ya san halinsa, a fara duba ciwon jiki, kamar na haƙori ko kunne. Idan da bukata, za a tura ku Gidan Rumji ko Maradi.