Tarihin Na'urar Auna Wutar Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Wani manomi daga Doguwa ya rubuto cewa ƙanwarsa tana da saurin fushi, yanzu dariya an jima kuka, kullum tana tsoron za a guje ta, har takan yanki jikinta. Likita a Kano ya ce za a liƙa mata wayoyi a ka. Yana son tarihin na'urar, kuma wai shin wuta za a jona mata?

Amsa: To malam, kwantar da hankalinka. Wannan na'ura, EEG, ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi. Ita ƙwaƙwalwa Allah ya yi ta da 'yar wutar lantarkinta, wadda ƙarfin batirin tocila ɗaya ya ninka ta sau dubbai.

A 1875 wani likitan Ingila, Richard Caton, ya fara gano wannan wuta a ƙwaƙwalwar zomaye da birai. Sai a 1924 Hans Berger na birnin Jena a Jamus ya auna ta a kan ɗan Adam. Ya yi shekara biyar yana sake gwaji kafin ya bayyana wa duniya a 1929, kuma ba a gaskata shi sosai ba sai da masanan Kambirij suka tabbatar a 1934. Daga 1935 na'urar ta zama babban makamin gane farfaɗiya.

Alamun da ka zana kuwa sun yi kama da wani ciwon rashin daidaiton hali, wanda Adolph Stern na Amurka ya kira "na kan iyaka" a 1938, aka shigar da shi kundin likitocin Amurka a 1980. Binciken shekarun 1980 ya ga ɗan hargitsi a wutar ƙwaƙwalwar waɗansu masu ciwon, amma da yawansu awonsu lafiya lau yake fitowa. Saboda haka na'ura ba ta yanke hukunci. Galibi likita yana so ne ya tabbatar ba farfaɗiya ce ta ɓuya ba. Shi ciwon, da hira ake gane shi, kuma zama da ƙwararre ana tattaunawa shi ne babban maganinsa. Da yawa sukan samu sauƙi ƙwarai.

Don haka a bari a yi awon. Kada a ɗaure ta, kada a dake ta da sunan iskoki. Addu'a ba ta hana zuwa asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano. Ran da ta ambaci kashe kanta kuwa, a ranar za a kai ta, ko da ana tsakiyar girbi. Allah ya ba ta lafiya, amin.